Bel ɗin Motar Auta

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ban buɗe shago ba yau. Na zo dai na zauna a ciki, ƙofa a jaye, na ɗauko littafin da nake rubuta awon kujeru na juya shi ta baya. Ba ni da wanda zan gaya wa, to bari in gaya wa takarda, ita ba ta mayar da magana.

Auta tana asibiti tun jiya da safe. Ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, malamar makaranta. Tana kan hanyar aiki ta daki bayan wata tankar ruwa da ta tsaya ba zato. Har yanzu ba ta farka ba. Sun sa mata wani abu mai tauri a wuya, ga tiyo a baki, inji ne ke yi mata numfashi. Minti biyar suka ba ni in gan ta, ban cika uku ba na fito.

Inna tana kan benci a baranda, ta ƙi tashi, ta ƙi cin komai. Mijin Auta, wanda muke ce wa Injiniya, sai kai-komo yake yi da waya a kunne, yana maimaita wa duk wanda ya kira magana ɗaya: ba ta ɗaura bel ba. Waɗanda suka ciro ta ne suka gaya masa, wai babu komai a ƙirjinta. Sau shida na ji ya faɗa. Ƙirgawa na yi.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Babu canji.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Likita ya tara mu a ofishinsa. Wani dogo ne mai furfura a gefen kai, yana magana a hankali kamar yana koyar da 'yan aji ɗaya. Ya ce jakar iskar nan da ke cikin sitiyari ba matashin kai ba ce. Da ƙarfi take fitowa, kafin ka ƙifta ido, kuma an yi ta ne don ta tarbi mutumin da bel ya riga ya riƙe. Wanda ba a riƙe ba, shi yana tafiya gaba ita tana tahowa, sai su haɗu a tsakiya. Ga Auta gajera, kullum kujerarta a matse da sitiyari don ƙafarta ta kai birki. Wuya da kai ne suka sha. Ya ce mu jira, ba ya son ya yi mana alkawarin komai.

Da muka fito Injiniya ya ce, "Ka ji ko, Yaya? Abu na daƙiƙa biyu. Ta jawo ta soka, shi ke nan."

Na ce na ji.

'Yarsu tana wurin, shekararta tara, Aku muke ce mata saboda surutu. Ta ja hannun rigar ubanta ta ce, "Mama ta ɗaura. Kullum tana ɗaurawa. Ko ni sai ta ji nawa ya shiga kafin ta tada mota."

Ya ce, "Kina cikin motar ne?"

Ta ce a'a, ranar da shi ta tafi.

"To rufe min baki."

Duk wanda ke barandar nan ya san halin Auta a kan bel. Ni kaina ta taɓa kashe mota a tsakiyar layinmu ta naɗe hannu, ana ta yi mana hon a baya, wai ba inda za ta sai na ɗaura. Ni da na goya ta. Inna ma ta sha wannan wulaƙancin, har ta ce ita dai a sauke ta ta tafi a ƙafa. Amma yau ba wanda ya tuna. Ni kuwa takalmina nake ta kallo.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Injiniya ya ce ba zai iya kallon motar ba, in je in kwaso kayan Auta. Tana wani fili a bayan garejin masu janwe, tsakanin wata bas da ta ƙone da wata akori-kura marar taya.

Gaban bai wani lotse ba. Fitila ɗaya, bonet ya tashi, gilashi ya tsage. Jakar iskar tana rataye a sitiyari ta saɓule, ko'ina farin gari, har kan kujerar da na yi mata sabuwar riga bara. Mai gadin wurin ya zagaya motar hannu a baya ya ce, "Wannan ai da bel ne da ƙafarsa mutum zai fito." Ban tambaye shi ba.

Jakarta. Tabarau, ido ɗaya ya fashe. Takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin birki. Littattafan ɗalibai talatin da huɗu, ta yi makin rabi, jan biro a tsakiyar na goma sha takwas. Abin da na kawo ke nan. Abin da na miƙa wa Injiniya ke nan.

Na ɗan daɗe a cikin motar. Mai gadin ya leƙo sau biyu.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Na buɗe shago. Na zauna a gaban keken ɗinki, ban taka shi ba.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Shekara ashirin da uku ina ɗinkin kujerun mota. A layin nan in aka ce Mai Kushin ba a ƙara komai, ni ake nufi. Akwai kujerar da na ɗinka tun ina saurayi, motar ta mutu, mai motar ya ciro kujerar ya ajiye a ƙofar gida, har yau ɗinkin bai saki ba. Ina kai mutane su gani. Wannan halin nawa uwar yarana ta ce shi zai kashe ni, wai ko maɓallin riga ta ɗinka sai na karɓa na duba.

Mako biyar da suka wuce Auta ta shigo nan bayan an tashi makaranta. Bel ɗinta ya daina komawa ciki da kyau, ƙofa tana kama shi kullum, har gefen ya zazzage wajen kafaɗa, kamar faɗin tafin hannu. Ta ce, "Yaya, ka sa a nemo min sabo."

Na ce sabo na me? Sai an yi oda, a jira mako biyu, kina yawo da wannan tsumman?

Ta ce ta ji an ce ba a ɗinke bel.

Abin ya ɓata min rai, gaskiya. Na ce wa ya ce? Wanda ya faɗa ya taɓa riƙe allura? Su can da suka yi shi da miyau suka liƙa? Ta yi dariya ta ce to Allah ya ba da haƙuri, ita ba ta zo faɗa ba. Ta zauna a kan kujerar bas ɗin da ke bakin ƙofa tana makinta.

Na yanke wurin da ya lalace, na haɗa baki biyu ɗaya a kan ɗaya, na bi da zaren da nake ɗinka fata da shi, layi uku. Na ƙona bakin zaren. Na sa ƙafa na taka ƙasan na ja da hannu biyu har jijiyar wuyana ta tashi. Na ce mata zo ki nuna min inda aka haɗa. Ta shafa, ta shafa, sai da na kama yatsanta na ɗora a kai.

Ta ce, "Kai dai, Yaya."

Na ji daɗi ranar. Har mai fentin da ke kusa da ni na kira ya zo ya gani.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Uwar yara ta ce kwana nawa rabon da in cinye abin da ta zuba min. Na ce ta ƙyale ni. Ta ce Auta ƙanwarta ce ita ma, amma ba ta ga amfanin mu kwanta mu biyu ba. Na daka mata tsawa a gaban yara. Ba ta yi komai ba, baiwar Allah.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Mako ɗaya.

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta, ko ba zan huta ba.

Ran Alhamis da na sunkuya ɗauko takalmin, ƙarfen bel ɗin yana cikin raminsa. A soke, daram. Igiyar ta zube ƙasa tsakanin kujera da giya, inda ba mai gani sai ya sunkuya, ɗaya rabin kuma ya koma cikin bangon motar. Bakin da ya rabu ban buƙaci in ɗaga shi ba, na san zarena. Layi uku, duk sun tafi.

Na danna jan madannin. Na sa wuƙar yankan soso na yanke ƙasan. Na naɗe na cusa a aljihun wando, na sauke riga a kai.

Ba wanda ya sa ni. Ban ma yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya yi, da sauri da tsabta, yadda yake yin komai. Yana nan ƙarƙashin teburin yanka, cikin buhun guntayen soso.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Wani direban tasi ya shigo da bel a hannu, ɓera ya ci gefensa. Wai an ce masa ni ne gwanin haɗawa. Na ce ba na yi. Ya ce haba Mai Kushin, ai kai ka yi wa abokina bara, ko alama ba a gani.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ya fita min daga shago, ya je ya sayi sabo ko ya bar tuƙi ya koma tura baro. Na bi shi har titi ina faɗa. Mai fenti ya fito da bindigar feshi a hannu yana cewa lafiya, me ya yi zafi. Direban ya tafi yana waige, yana cewa wannan mutumin ya taɓu.

Da na dawo na zauna sai maganar ta dawo min. Abokinsa, bara. Na yi ta ƙoƙarin tuna fuskar, ba ta zo ba. Guda nawa na yi a shekarun nan? Biyar? Tara? Ba na rubuta bel, ƙaramin aiki ne, sau da yawa kyauta nake yi wa mutum in ya kawo kujeru.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

An bar ni na shiga yau lokacin da ake juya ta. Nas ɗin, wata mai tabarau mai saurin hannu, ta ɗan ja wuyan rigar asibitin don ta goge mata kafaɗa. Sai ta tsaya. Akwai wani shati daga kan kafaɗa ya gangaro a karkace, ya yi ɗorawa-ɗorawa ya fara gushewa, bai kai tsakiyar ƙirji ba ya tsaya.

Ta ce, kamar da kanta take magana, "Ikon Allah. Wannan kamar shatin bel."

Mu biyu ne kawai a ɗakin, sai injin. Ta kalle ni. Abin da ya rage in ce shi ne, e, shi ne.

Na ce, "Ƙila wajen ciro ta ne. Sun ce da ƙyar suka jawo ta."

Ta ce haka ne kuma, ta mayar da rigar ta ci gaba da aikinta. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Motar shara ta zo. Na miƙa musu buhun da hannuna.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Babu canji. Inna ta rame, zoben hannunta yana juyawa. Ta ce min, "Babba, ni ba na jin haushinta. Ɗan Adam ne, rana ɗaya ya manta." Na ce haka ne, Inna.

Rana ɗaya ya manta. Haka kowa ke faɗa yanzu, cikin tausayi, suna girgiza kai. Na fi son lokacin da Injiniya ke faɗa da fushi.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na ɗinka rigar kujera ɗaya. Na farke. Na sake. Na farke.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Malaman makarantarsu sun zo dubiya, su bakwai, da shugabarsu, wata mai babbar murya da ba ta san ana rage ta a asibiti ba. Ta ce wa Injiniya sun yi wa ɗalibai jawabi da safe a filin taro. Sun gaya musu su dubi malamarsu, mace mai hankali, mai kiyayewa, amma sakaci na minti ɗaya ya kai ta inda take. Wai ta sa yara ɗari huɗu sun ɗaga hannu sun yi alkawarin za su riƙa tuna wa iyayensu. Tana faɗa tana jin ta yi abin kirki, kuma ni ban ce ba ta yi ba.

Aku a makarantar take. Tana cikin filin. An ce ta fito daga layi ta ce ƙarya ne, da ƙarfi, a gaban kowa. Da aka koma aji wata yarinya ta tsokane ta, ta fasa mata leɓe. An koro ta gida kwana uku.

A nan barandar Injiniya ya tsayar da ita a gaban shugabar ya ce ta ba da haƙuri. Ya ce, "Ki ce, ki yi haƙuri, na yi ƙarya." Ta kalle ni. Ni kaɗai ta kalla, don ni ne mai tare mata faɗa tun tana rarrafe. Na ce, "Injiniya, ka bar ta mana, yarinya ce." Iyakar abin da na iya ke nan.

Ta faɗa. A hankali, amma ta faɗa. Shugabar ta shafa kanta ta ce ba komai, kewar uwa ce.

Na tsani kaina. Ban taɓa rubuta irin wannan maganar ba, ga ta nan na rubuta.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Gobe zan gaya wa Injiniya.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ta buɗe ido.

Wajen sha ɗaya, Inna ce a ciki. Ta fito tana tafa hannu ba sauti. Injiniya ya durƙusa a ƙasan barandar ya rufe fuska, ƙaton mutum, kafaɗunsa na girgiza. Na riƙe shi. A irin wannan ranar wa zai ɗauko wata magana?

Na yi murna. Wallahi na yi murna. A ƙarƙashin murnar kuma gabana faɗuwa yake yi, don na ce yanzu za ta faɗa da bakinta. Kuma wani ɓangare nawa so yake ta faɗa, a yi ta ta ƙare.

Asabar, ƙarfe uku na rana

An cire tiyon. Magana tana fita ɗaya-ɗaya, muryar a dashe. Ta gane kowa. Hannun dama yana ɗan motsi, na hagu yatsu biyu. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai. Likita ya soka mata abu a tafin ƙafa tana kallon silin.

Ba ta tuna komai na ranar. Abu na ƙarshe da ta sani tana goge kayan makarantar Aku da yamma, ran Lahadi. Likita ya ce ba lallai ya dawo ba, kar mu matsa mata.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je ba. Na ce ciwon kai.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Mako uku.

Ta sa an kira ni. Na samu an mayar da ita ɗaki mai gado huɗu, nata na kusa da taga. Ta ce wa Inna ta ɗan ba mu wuri. Na zauna a kujerar roba, ta daɗe tana tattara numfashi.

Ta ce, "Yaya, an gaya min."

Na ce me aka gaya miki.

"Ban ɗaura ba." Hawaye ya gangaro ya shiga kunnenta, ba ta iya sharewa. "Ni da nake damun kowa. Ka ɓata yininka ka gyara min shi, ni kuma na bar shi a rataye. Na yi ta tunani me nake sauri a kai, na rasa. Ka ga abin da na ja wa Aku. Ka ga abin da na ja wa Inna. Ka yafe min."

Na share mata kunnen da gefen zanen gado. Na ce zan je in kira nas, ruwan da ake ƙara mata ya kusa ƙarewa. Bai kusa ba, rabi ne. Na fita ban koma ba.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Da safe na tuna ɗaya rabin, wanda ya koma cikin bangon motar. Bakinsa yana da ramukan allurata. In na ciro shi na ajiye a gabansu ba sai na yi dogon bayani ba. Na ɗauki sukuddireba na tafi.

Bas ɗin da ta ƙone tana nan, akori-kurar tana nan. Tsakaninsu sai shatin mai a ƙasa. Mai gadin ya ce tun makon jiya mijin mai motar ya aiko a ba masu sayen ƙarafa, ba ya son ya ƙara ganinta. Na ce ina suka kai ta. Ya yi dariya ya ce ai su ba sa kwana da mota, yanzu ƙila ta zama tukwane.

Na wuce asibiti na nemi nas mai tabarau. An mayar da ita ɓangaren haihuwa. Na tsaya mata a bakin ƙofa har ta fito. Na ce kin tuna shatin da kika gani a kafaɗar ƙanwata? Ta ce wace ce ƙanwarka? Na kwatanta. Ta ce, "Malam, kafaɗa nawa nake gani a rana? Ka yi haƙuri." Ba da wulaƙanci ta faɗa ba.

Na tambayi Inna, ita ke goge mata jiki yanzu, ko akwai wani tabo a kafaɗar. Ta ce fes take, an gode Allah.

Aikina mai tsabta ne. Kullum haka ake ce min.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Yau. Ko da me.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa.

Suna nan duka, Inna a bakin gado tana ba ta shayi da cokali, Injiniya a tsaye, Aku a jikin taga tana kallon waje. Na tsaya a ƙarshen gadon na riƙe ƙarfen. Na ce Auta ta ɗaura bel ɗinta. Na ce ɗinkina ne ya tsinke. Na ce na samu ƙarfen a soke ran da na je kwaso kaya, na cire, na yanke, na zubar a shara. Na faɗi na nas ɗin ma. Ban rage komai ba, ban kalli kowa ba.

Matar da ke gadon gaba ta daina tari.

Inna ce ta fara. Ta ajiye kofin ta ce, "Wayyo Babba. Dama na ga yadda ka lalace." Ta juya wajen Injiniya. "Tun suna yara haka yake. Ta fasa min kwano ya ce shi ne, ya sha dukan."

Na ce Inna ba wannan ba ne.

Injiniya ya zo ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Yaya, na san abin da kake so ka yi, kuma Allah ya saka. Amma mutum uku suka ciro ta, na yi magana da kowannensu. Ni ma na leƙa motar kafin masu ƙarafa su ɗauke ta, ramin bel ɗin babu komai."

Na ce ai ni na cire, yanzu na gaya maka.

"To ina yake?"

Na ce a shara.

Ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda ake yi wa marar lafiya. Ya ce in riƙa samun barci.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a ɗakin marasa lafiya. Na ce ku wane irin mutane ne, ina gaya muku ni na karya ta kuna min sannu? Na ce Aku, gaya musu, ke kika yi gaskiya tun farko. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Kawu, ni ba na cikin motar."

Sai Auta ta motsa yatsunta biyu, alamar in matso. Na matso. Ta yi murmushi da gefen bakin da ke aiki.

Ta ce, "Yaya, ka daina. Na riga na karɓa, kar ka dawo min da shi baya." Ta huta. "A gabana ka ja shi. Na gani da idona. Ɗinkinka ba ya saki."

Na ce ya saki, Auta.

Ta ce, "To na ji. Na gode."

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Na gaya wa uwar yara. Ita ta tashi ta shiga kicin ta rufo ƙofa. Ban sani ba ko ta yarda. Ban tambaya ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Za a sallame ta makon gobe. Sun kawo keken guragu don ta fara sabawa, muka ɗora ta mu biyu da Injiniya. Ba ta iya riƙe bayanta. Da an sake ta sai ta fara zamewa gaba, a hankali, tana kallonmu, sai an tare ta. Mai koya mata motsa jiki ya ce dole a sa mata abin da zai riƙe ƙirji da ƙugu, in ba haka ba rana ɗaya za ta kifa da fuska. Maɗaurin da ya zo tare da keken ya yi mata faɗi, yana gurzar mata hammata. Ya ce a nemo wani, ko a samu mai ɗinki ya yi daidai jikinta.

Na ce a yi oda. Na ce akwai masu yin su, ni zan je in nemo ko ina ne.

Auta ta ce a'a. Ta ce ita ba za ta zauna cikin abin da ba ta san hannun da ya yi shi ba. Ta ce yanzu tsoron faɗuwa take ji ko a mafarki, kuma in dai ni na ɗinka za ta iya sakin jikinta. Inna ta ce ai shi ke nan, ga mai yi a gida. Injiniya ya ce ko don hankalina ya kwanta ma ya kamata in yi.

Na ce Auta, don Allah.

Ta ce, "Mai laushi ta ciki, Yaya, kar ya ci min fata. Ka zo da tef gobe ka auna ni."

Na ce to.